ABS, ESC da jar fitilar birki sun kunna tare a mota mai lantarki: daga ina ake farawa?

Rewaya_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. A sa mini hannu a wannan. Mota ce mai lantarki zalla, tokunbo, mai jan gaba. Bayan ruwan da aka tafka makon nan ta ratsa ambaliya a hanyar Lekki, ruwan ya kai rabin taya. Washegari fitilu uku suka kunna a dashbod lokaci guda: ta ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta ESC, tsarin da ke hana mota zamewa, mai hoton mota tana zamewa, da jar fitilar birki. Rijen, wato rage gudun da injin lantarkin ke yi da kansa yana mayar da caji batir, ya ɗauke gaba ɗaya, in an ɗaga ƙafa daga totur motar sai ta ci gaba da gangarawa kamar an sa ta a firi. Mai motar ya ce da safe takun farko birkin yakan yi tauri, daga baya ya saki. An riga an faɗa masa wai sai an canza fanfon ABS ɗin ɗungurungum. Waɗanda suka saba da irin waɗannan motoci, daga ina ake farawa?

MaiSikana_Ladipo:
Wa alaikumus salam Oga. Kar a taɓa fanfo tukuna, a fara da ƙaramin batir na 12V. Buɗe bonet, kashe motar, rufe ƙofofi, kai makulli nesa, ka ba ta kamar minti 30 kwamfutocinta su kwanta. Sannan ɗora mita a kan batir. 12.6 cikakke ne, 12.4 ya fara sauka, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12.0 kuwa ya zube. Kunna ta har ta nuna READY ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13 da 14.5, alamar DC-DC na aiki, wato na'urar da ke sauko da wuta daga babban batir zuwa ƙarami.

Awon da ya fi tona asiri shi ne na tsakiya. Ka bar mitar a jone, wani ya buɗe ƙofa ya taka birki kafin READY. A wannan 'yan daƙiƙun ƙaramin batir ne kaɗai ke ɗauke da busta mai ƙara wa takun birki ƙarfi, fanfo da duk kwamfutocin da ke farkawa. In ka ga wuta ta nutse zuwa 10 ko ƙasa, to ka sami dalilin taurin birkin safe, kuma wataƙila dalilin jar fitilar ma.

Baba_IdiAraba:
Kafin mita, a yi amfani da ido. Jar fitilar birki aikinta na asali shi ne faɗin cewa man birki ya sauka ko birkin hannu na kame. A duba tankin mai, yana tsakanin MIN da MAX? A leƙa bayan kowace taya ko akwai jiƙa a kalifa, wato maƙalin da ke matse faifan birki, ko a tiyo. In mai ya sauka ba yoyo, to fad ne, wato abin da ke gogar faifan, ya cinye, kar a cika tanki a yi shiru. Kuma muddin ja tana kunne, motar nan ba ta hawa titi. Rawaya gargaɗi ce, ja tsayawa ce.

Direba_Mile12:
Ku yi haƙuri da tambayar wanda ba bakanike ba. Motar da ke ɗauke da batir mai nauyin ɗaruruwan kilo a ƙarƙashinta, ta yaya za a ce wutar birki ta gaza saboda ɗan ƙaramin batir?

HajiyaInjiniya:
@Direba_Mile12 tambayar na kan hanya. Babban batir, mai wajen bolt 400 a yawancin motocin da ke shigowa nan, injin tuƙi da kwamfresan esi da hita yake ciyarwa. Birki, ABS, ESC, sitiyari, jakar iska, fitilu, duk a layin ƙaramin batir suke. In an kashe mota, manyan makunnan da ke cikin babban batir suna buɗewa su raba shi da komai, kuma ƙaramin batir ne ke da alhakin sake rufe su.

Na biyu, motar fetur tana samun ƙarfin busta daga zuƙar iskar inji. Mai lantarki ba ta da wannan. Wasu tsofaffi an sa musu fanfon zuƙar iska na lantarki. Wasu suna da busta mai mota a cikinsa, irin iBooster na Bosch da ya fito a 2013, wanda Tesla ke amfani da shi. Wasu kuma an haɗe masta mai tura man birki, busta da ABS a akwati ɗaya, ƙafarka ba ta tura mai zuwa taya kai tsaye, sensa ce ke auna yadda ka taka, mota ta tura fistin a madadinka. Duka ukun wuta suke ci sosai a ɗan lokaci. Shi ya sa Nissan Leaf ma ke da akwatin kafasita na musamman da ke riƙe wa birki wuta in ƙaramin batir ya gaza.

A lura, sababbin Tesla sun koma ƙaramin batirin litiyam mai wajen bolt 16, saboda haka lambobin da MaiSikana ya bayar ba nasu ba ne.

Sarkin_Boris:
Ni dai na ce sensar ƙafa ce, wadda ke auna gudun taya. Ruwa, taɓo, sannan ABS. A cire soket na kowace ƙafa a auna da mita a ohm, wadda ba ta ba da wajen 1,000 zuwa 2,000 ba ita ce ɓarauniyar.

MaiSikana_Ladipo:
Oga Sarki, wannan awon na tsohuwar sensa ce mai naɗin waya a ciki, wadda ke haifar da wutarta da kanta in taya na juyawa. Motocin lantarkin nan sensarsu mai cin wuta ce, akwai ɗan guntun lantarki a kanta. Kwamfutar ABS ke ba ta wuta, ita kuma ta mayar da amsa ta hanyar canza yawan wutar da take ja, tana tsalle tsakanin miliamfiya 7 da 14 duk lokacin da maganaɗisun da ke jikin boris, abin da taya ke juyawa a kai, ya gifta. In ka auna ta a ohm lambar da za ka samu ba ta nufin komai, mai lafiya ma za ta iya nuna kamar ta mutu. Da haka ake zubar da sensa mai rai a sayi wata.

Hanyar da ta dace: jona sikana, na'urar da ke karanta kwamfutocin mota, shiga kwamfutar birki, buɗe gudun ƙafafu huɗu a allo ɗaya. Ɗaga mota, juya kowace taya da hannu. Irin wannan sensar tana karantawa tun daga gudu kaɗan ƙwarai, za ka ga lamba na motsi. Amma kar a sa mota a D tana kan jak. Ba ƙara, ba jijjiga, ƙarfin injin kuma nan take yake zuwa.

Sarkin_Boris:
To awon ya canza, amma maganar sensa tana nan. Za ku gani.

HajiyaInjiniya:
Tana iya kasancewa a ciki, sai dai ita kaɗai ba ta cika bayanin ba. A motoci da yawa in sensa ɗaya ta mutu, ABS da ESC ne ke ɗaukewa, rawaya biyu su kunna, amma EBD mai raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya yana ci gaba da aiki da sauran ukun. Ja tana shigowa ne in EBD ma ya faɗi: sensa biyu, ko ƙarancin wuta, ko matsala a busta. Tunda uku ne suka kunna, a sa rai da matsala fiye da ɗaya.

Rewaya_Agege:
Na gode ƙwarai. Ga abin da aka samu. Baba, mai yana daidai, ba yoyo, fad na gaba wajen milimita 7. Batir a kwance 12.1. Da aka buɗe ƙofa aka taka birki ya nutse zuwa 9.7. A READY 14.2. Sikana ta fito da C0050 a kwamfutar birki, da wata lamba ta ƙarancin wuta, sannan U0121 a kwamfutar inji da ta sitiyari, amma waɗannan a matsayin tsofaffi suke, ba na yanzu ba.

MaiSikana_Ladipo:
Yawwa. DC-DC lafiya lau, batir ne ya gaji. U0121 ma'anarta sauran kwamfutoci sun daina jin ta ABS na wani lokaci. Wanda ya ga wannan lambar ne ya yanke hukuncin a canza fanfo. Amma kwamfutar da ta mutu ba za ta amsa wa sikana ba, taka kuwa ta amsa har ta ba ka lambobi. Wuta ce ta yi mata kaɗan ta ɗauke ta dawo.

C0050 a jerin gama-gari sensar baya ta dama ce. Ka tabbatar da bayanin da sikana ta rubuta a gefenta, domin wasu kamfanoni suna da nasu jerin. Kafin ka goge komai, ɗauki hoton duk lambobin har da bayanan lokacin da suka faru: gudun mota, ƙarfin wuta. In ka goge ka rasa shaida.

Sabon batir ya zama girma ɗaya da iri ɗaya da na asali, in nau'in da aka rubuta wa AGM ne a mayar da AGM. A goge kawunan batir, a kwance wayar at, wato ta negatif da ke zuwa bodi, a kankare tsatsa. A auna faɗuwar wuta tsakanin kan batir na negatif da jikin fanfon ABS yayin da ake taka birki, kar ta wuce wajen bolt 0.2.

Dillali_Berger:
Ƙari kan batir. Motar da ta fito daga gwanjon Amurka takan yi makonni a fili, makonni a jirgi, sannan ta zauna a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ana jiran takardu. Ƙaramin batir yana zubewa har ƙasa, a yi masa jan waya a fito da ita, a sayar. Batirin da ya taɓa zubewa haka ba ya komawa daidai. Kuma tunda ba sitata da zai ja, ba za ka ji motar na nishi da safe ba kamar ta fetur. Alamar farko ita ce irin waɗannan fitilun.

Direba_Mile12:
Na fahimta. To me ya haɗa rijen da sensar ƙafa? Sannan akwai abin da direbobi ke kuka da shi ko ba fitila: kana rage gudu, ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami, sai ka ji kamar motar ta ƙwace ta yi gaba. Shi ma lalacewa ne?

HajiyaInjiniya:
Rijen birki ne da injin tuƙi ke yi, yana juyewa ya zama janareta ya mayar da caji batir. Amma ƙafafun da injin ke ja kaɗai yake riƙewa, a motar Oga Rewaya na gaba biyu. A kan jiƙaƙƙen titi wannan riƙon zai iya sa taya ta zame, kuma hanya ɗaya da mota ke gane zamewa ita ce kwatanta gudun ƙafafu huɗu. In ɗaya ta ɓace mata, ba ta da yadda za ta san lokacin sakewa, sai ta kashe rijen baki ɗaya ta bar ka da birkin mai. Da gangan aka tsara haka.

Abin da ka ji a rami kuwa: taya ta ɗan tashi daga ƙasa, gudunta ya faɗi kwatsam, ABS ya ɗauka zamewa ce, ya yanke rijen nan take, kafin birkin mai ya cike gurbin akwai ɗan gajeren lokaci. Motar ba ƙara gudu ta yi ba, rage gudun ne ya ragu. Sanannen abu ne, a Fabrairun 2010 Toyota ta janye Prius na wancan zubin don gyara manhajar ABS a kan wannan. Abin yi shi ne ƙara danna birki, ba sakewa ba. In abin ya yi yawa a duba shakazoba da iskar taya, domin mataccen shakazoba yana barin taya ta yi ta tsalle.

Haka kuma in batir ya cika 100 da safe rijen yana raguwa ko ya ɓace, ba wurin zuba caji. Wanda ya saba tuƙi da totur kaɗai zai ji motar ta canza hali. Wannan ma ba lalacewa ba ne.

MaiFaci_Ijora:
A duba tayoyi ma don Allah. Mutane na sa taya ɗaya daban saboda ita aka samu. Misali motar da ke cin 215/55 R17, faɗin da'irarta wajen milimita 668. Aka sa mata 215/60 R17 a ƙafa ɗaya, wajen 690 ke nan. Bambancin ya haura kashi 3 cikin 100. Wannan ƙafar kullum a hankali take juyawa fiye da 'yan uwanta, kwamfuta ta ɗauka ko mota na cikin kwana ko taya na zamewa. Sai ka ga fitilar ESC na ƙyaftawa a kan gadar Third Mainland mota na tafiya miƙe, ko ta kunna ta zauna. Sannan motocin nan nauyi gare su, a duba lambar ɗaukar kaya a jikin taya, da yawa XL suke so, wato taya mai ɗaukar ƙarin nauyi. Iska kuma a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna taya na sanyi.

Baba_IdiAraba:
Mai faci ya taɓo wani abu da yara ke ruɗewa a kai. Fitilar ESC mai ƙyaftawa tana nufin tsarin na kan aiki a lokacin, yana kama ƙafa ɗaya don daidaita mota. Wadda ta kunna ta zauna ita ce ke nufin ya kashe kansa. A tambayi mai mota wacce ya gani kafin a fara kwance-kwance.

Alayimen_Owode:
Haka ne Baba. Ga wata kuma: duk motar da aka yi wa alayimen, ko aka canza tayarod, ko aka cire sitiyari, sai an sake saita sensar kusurwar sitiyari da sikana. ESC yana kwatanta inda direba ya juya da yadda jikin mota ke juyawa a zahiri, wanda wata sensa ke aunawa, sau da yawa a ƙarƙashin tsakiyar mota ko cikin kwamfutar jakar iska. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a miƙe, allon ya nuna kusa da sifili. In yana nuna digiri 10 ko 15 mota na miƙe, ESC zai riƙa kama birki babu dalili. Oga Rewaya, bayan ka canza batir ka duba wannan, wasu motoci suna mantawa da saitin in an cire musu wuta.

Gaggawa_Oshodi:
Duk wannan dogon zance ne. A sa batir, a goge lambobi, fitilar da ta ƙi mutuwa a rufe ta daga bayan dashbod. Birki ai yana kamawa. Da can da ba ABS ba mu tuƙa mota ba?

Baba_IdiAraba:
Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, yaro. Motocin da kake faɗa suna da bawul na ƙarfe da ke rage wa ƙafafun baya ƙarfin mai. Na yanzu an cire shi, kwamfuta ce ke wannan aikin. In EBD ya faɗi ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, baya ne zai fara kullewa, mota ta juya da kai. Ga nauyin batir, ga damina. Wanda ya rufe fitila ya miƙa wa mutum makulli, alhakin abin da ya biyo baya na wuyansa.

Dillali_Berger:
Kuma ba kowace matsala ce ta sifana ba. A ƙarshen 2020 Hyundai ta janye Kona Electric da Nexo a Amurka saboda manhajar haɗaɗɗen birkinsu, wadda in ta ga baƙon sako daga sensa takan rage ƙarfin birki. Gyaran sabunta manhaja ne. BMW ma a Satumban 2024 ta sanar cewa matsalar haɗaɗɗen birkin da Continental ya ƙera ta shafi motoci sama da miliyan 1.5. Duk tokunbo ɗin Amurka a ɗauki lambar VIN mai harafi da lamba 17 a sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna ko akwai janyewar da ba a yi ba. Kona da Stallion ya haɗa a Ojo, wadda Gwamna Sanwo-Olu ya ƙaddamar a Nuwamban 2020, ba ta hanyar Amurka ta zo ba, masu ita wurin dila za su tambaya.

Kalifa_Apapa:
Tunda an shiga ruwa, a buɗe ƙafafun baya ko da fitila ta mutu. A motocin nan rijen ke yin yawancin tsayawar cikin gari, faifan baya kusan ba ya ɗumi. Ga iskar gishiri ta Lekki da Victoria Island, ga ruwan kwata. Faifai ya yi tsatsa, fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya ƙage, fad ya manne a mazauninsa. Fad ɗin zai nuna kauri kamar sabo amma ya fara rabuwa da ƙarfen bayansa. A zare fil, a wanke, a shafa giris na silikon, ba baƙin giris na boris ba, shi yana kumbura roba. A auna kaurin faifai da lambar MIN TH, wato mafi ƙarancin kauri, da ke buge a jikinsa. Cibiyoyin gwajin motoci na Legas, LACVIS, da ke gwada birki a kan nadi suna nuna bambancin hagu da dama ƙarara, ƙafar da ta ƙage ba ta ɓuya.

Gargaɗi biyu. Birkin hannu na lantarki ne, a sa shi a yanayin gyara da sikana kafin a tura fistin baya. Kuma in kalifa na rataye a cire negatif na ƙaramin batir. Wasu motocin da an buɗe ƙofa suke gwada birkinsu da kansu, fistin ya fito waje ko ya matse yatsa. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, aikin birki bai kai can ba, a bar su.

Direba_Mile12:
Akwai abin da direba zai yi don hana tsatsar?

Kalifa_Apapa:
Sau ɗaya a mako, a hanyar da ba kowa a bayanka, daga gudun 60 ka taka da ɗan ƙarfi zuwa 10, sau biyar ko shida. Taku mai laushi rijen ne zai shanye, faifai ba zai ji komai ba. Lokacin da batir ke cike ya fi dacewa. In ka fito daga ruwa ma ka yi haka kafin ka ajiye mota.

Sarkin_Boris:
Man birki fa? Ni DOT 3 nake ganin ya wadatar, ga araha, kuma motar da ba ta ɗumama birki ina ruwanta da mai na tsada.

HajiyaInjiniya:
Abin da ke rubuce a murfin tanki shi za a zuba. Sabon DOT 3 yana tafasa daga digiri 205, DOT 4 daga 230. In sun sha ruwa wajen kashi 3.7 cikin 100 sai su koma 140 da 155. Man yana zuƙar laima daga iska ko ana amfani da birki ko ba a yi, Legas kuwa ba ta rasa laima. Ranar da rijen ya ɗauke, kamar motar da muke magana a kai, duk nauyin motar kan birkin mai yake komawa, a ranar ne za a buƙaci wannan ratar. Ruwan kuma yana cin ƙananan bawul ɗin cikin fanfo, waɗanda ba a sayar da su daban. Wasu motocin DOT 4 LV suke so, mai tsinkewa, don bawul ɗin ESC su amsa da sauri. DOT 5 na silikon ba ya shiga motar ABS sam, kar a rikita shi da 5.1.

A gwada da alƙalamin gwajin mai, in ya kai kashi 3 a canza, ko duk shekara biyu. Lita ɗaya kan isa, daga gwangwani a rufe, ba na kwalba da ake aunawa ba. Cire iska daga layin birki kuma a irin motar da aka haɗe masta, busta da ABS a akwati ɗaya ba a yinsa da taka-riƙe kaɗai. Sai da na'urar matsa mai daga tanki, matsin wajen bar 1 zuwa 2, sikana na buɗe bawul ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin littafin motar.

Rewaya_Agege:
Ƙarin bayani. An sa sabon batir, an gyara at, an goge lambobi. Ja ta mutu ba ta dawo ba, U0121 ma haka. Kusurwar sitiyari na nuna digiri 1. Tayoyi huɗu girma ɗaya ne. Amma da an ɗan zagaya cikin layi ABS da ESC sun dawo da C0050, rijen ya sake ɗaukewa. A allo ƙafafu uku na tafiya tare, ta baya dama tana bin su in an wuce gudun 20, ƙasa da haka sai ta riƙa faɗuwa sifili tana dawowa. Mai motar ya ce an canza boris ɗin wannan ƙafar watannin baya.

Sarkin_Boris:
Ba na faɗa ba? Kuma ga dalili, an sa boris a juye. Gefe ɗaya ne ke da zoben maganaɗisu, shi ya kamata ya kalli sensa.

MaiSikana_Ladipo:
Da a juye yake, Oga Sarki, sifili za a gani a kowane gudu tun ranar da aka sa shi, ba sai bayan ruwa ba. Kuma ƙafar baya ta mai jan gaba yawanci hob ne guda mai noti huɗu, boris na haɗe a cikinsa, ba ya shiga a juye. Karantawa a gudu da ɓacewa a hankali alamar raunin sako ce. Ko garin ƙarfe da taɓo sun manne a zoben, ko tsatsa ta taru a ƙarƙashin mazaunin sensa ta ɗaga ta ta yi nisa da zobe, ko hob ɗin na bogi ne mai raunin maganaɗisu. Zare sensar a hankali, goge kanta, kankare mazaunin har ƙarfe ya fito, leƙa ramin da tocila ana juya taya. A goge zobe da tsumma, kar a kusanta maganaɗisu ko sukundireba mai kamawa gare shi.

HajiyaInjiniya:
Ni soket da waya na fi zargi, domin ruwa ne ya fara abin. Buɗe soket ɗin da ke cikin kaskon taya, in akwai kore-kore a fil ɗin an gama magana. Sannan ana kallon allo ana juya taya, wani ya riƙa girgiza wayar daga kalifa har inda ta shiga bodi, musamman inda take lanƙwashewa in shakazoba ya motsa. Tana karyewa a ciki roba na nan lafiya. In sensar hagu da ta dama iri ɗaya ne kuma waya ta kai, a musanya su. Lamba ta koma C0045, sensa ce. Ta tsaya a C0050, zobe ne ko wayar da ke zuwa fanfo.

Akwai kuma abin da muka bari a baya, taurin birkin safe. Ana zaton batir ne, amma ba a tabbatar ba. A bar motar ta kwana a gareji, gobe kafin a taɓa komai a jona mita da sikana, a yi takun farko ana kallon wuta, sensar tafiyar feda da matsin mai. In wuta ta tsaya sama da 12 kuma feda ta yi tauri, to maganar busta ta dawo sabuwa.

Gaggawa_Oshodi:
Ja ta mutu dai. Rawaya kaɗai ta rage, a ba mutum motarsa ya riƙa lallaɓawa kafin a samo hob.

Baba_IdiAraba:
Da motar fetur ce mai rawaya kaɗai, da rani, sai in ce ya lallaɓa zuwa gida. Wannan ba rijen, ba ABS, ba ESC, direban ya saba mota na tsaya masa da ya ɗaga ƙafa, ga ruwan Yuni. In dole sai ta motsa a kira janwe mai shimfiɗa ta hau gaba ɗaya, ba a jan irinta ƙafafun inji na ƙasa.

Sarkin_Boris:
In ta kai ga sayen hob a kasuwar Ladipo, a je da tsohon a hannu da lambar VIN, a ɗora katin gwajin maganaɗisu a kan duka biyun a ƙirga layukan. Akwai masu kama ɗaya a ido amma yawan maganaɗisun ya bambanta, ka sa shi ƙafar ta riƙa karanta gudu daban da sauran. Araha ba ta ado. A ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfi, ba da bindigar iska ba.

Rewaya_Agege:
An buɗe soket, akwai ɗan kore a fil ɗaya, kan sensar kuma cike da garin ƙarfe. An wanke duka biyun, motar za ta kwana a nan don gwajin safe da Hajiya ta ce. Sensar hagu da ta dama maƙalarsu ba ɗaya ba ce, ba za su musanyu ba. Oga MaiSikana, in na ja waya biyu daga soket ɗin hagu zuwa sensar dama ina juya taya da hannu, gwajin zai yi daidai da musanyar?

MaiSikana_Ladipo:
Zai yi amfani, ko da yake ba zai raba sensa da zobe ba, matuƙar ka kiyaye wane fil ne na wuta, kuma ka jona mota na kashe. Sai ka kalli layin baya hagu a allo kana juya tayar dama. In yana faɗuwa sifili, matsalar na wajen taya, sensa ko zobe. In ya tafi sumul, bi wayar dama zuwa fanfo. Turo mana hoton allon duka biyun.